Kwana Tara Ina Cewa Babu

Jan ruwa, cikar kogi ta damina, ya iso Yamai. Jiya da hantsi na matsa sai da aka kai ni bakin kogin Isa, ɗiyata tana ta faɗa wai ƙafata ba za ta ɗauke ni ba. Na ce mata ƙafar nan ta san gaɓar kogin nan tun kina cikin uwarki. Na zauna a kan dutse na zuba masa ido. Ya yi ja wur, ya kumbura, yana jan kara da rassan itace, warin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa yana tasowa. Warin nan ne ya kama ni. Wallahi ina shaƙarsa sai na gan ni a unguwar Gamkalle, cokalin gini a hannu, cikina ba komai sai ruwan fura, ina jiran Shef Hamani, shugaban aikinmu, ya iso kaina a layi ya tambaye ni abin da ya ɓaci.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Damina ta biyu ce ko ta uku, ba zan rantse ba. Yamai ƙaramin gari ne a wancan zamani, kogin ko gada babu, sai jirgin fito. Ni Bagobiri ne daga wajen Tsibiri, sunana Gado. Cin rani ya kawo ni, na koyi gini, na zauna. Maso ake ce mana. Ina da mata, Tabawa, tana da cikin fari, muna haya a wani ɗakin laka bayan Babbar Kasuwa, wanda in ana ruwa sai mun jera ƙore a tsakar ɗaki.

Aikin da aka ba mu a shekarar shi ne mu ɗaga gaɓar ƙasa tsakanin kogi da lambunan Gamkalle, don kada jan ruwa ya cinye su. A tsakiyar gaɓar akwai ƙofar ruwa ta siminti, wadda za ta riƙa fitar da ruwan lambu ta hana na kogi shigowa. Leburori suna ɗibar ƙasa, mu magina biyar muna kan ƙofar. Ni ne babbansu, ginin a wuyana yake.

Kafin zuwan Shef Hamani, wani Nasara ne a kanmu shekara da shekaru. Ba zan zage shi ba, ya san aiki. Amma a wurinsa, in abu ya lalace, wanda ya kai labarin shi ne mai laifi. Na ga an kori mutum don ya ce ƙotar diga ta karye. Saboda haka muka koyi darasinmu tsaf: in abu ya fashe ka binne shi, in an tambaye ka ka ce lafiya lau. Da ma can mu a gida, ko mutum yana shure-shuren mutuwa aka gaishe shi, cewa zai yi da sauƙi. Nasara bai sha wahalar koya mana ba.

Sai ga Shef Hamani, Bazabarme, siriri, haifaffen Yamai, ya dawo daga karatun injiniya a ƙasar waje, bai girme ni da shekara biyar ba. Ranar farko ya tara mu a gindin wani mangwaro. Mun ɗauka zai karanta mana doka ne. Sai ya ce, da Hausarsa ta kasuwa:

“Zan gaya muku halina, don kada ku sha wahalar bincike. Da safe, kafin in gaishe ku, zan tambayi kowa abin da ya ɓaci a wurinsa. Mugun labari nake so da fari, gaisuwa ta biyo baya. In kun ga na yi shiru, ba fushi nake ba, tunani nake, kada ku cika ni da magana. Daga azahar zuwa la'asar ina nan gindin itacen nan da takarduna, kada wanda ya zo sai in ruwa ya ɓalle. Ba na yi wa mutum faɗa a gaban jama'a. In na ce zo mu zaga, to akwai magana. Ina da taurin kai. In na kafe a kan abin da ba daidai ba, ku faɗa mini sau biyu, na farko ba na ji.”

Muka dubi juna. Baba Idi, wani tsohon lebura daga Damagaram wanda ya fi kowa daɗewa a aikin, ya matso kusa da kunnena ya ce, “Yaron nan ba zai yi wata uku ba. Shugaba ya tsaya yana tona wa kansa asiri? Kuma ya tambayi dattijo abin da ya ɓaci ko ina kwana babu? Tir.”

Gaskiya abin ya yi mana nauyi. Kowace safiya muna tsaye a layi, raɓa tana jiƙa mana ƙafa, sai ya fara daga ƙaramin lebura ya hauro. “Me ya ɓaci?” Kowa ya ce babu. Ya gyaɗa kai ya wuce. Sai ya gama da kowa sannan ya dawo farkon layi ya soma gaisuwa, kuma in ya soma ba ya tsallake komai: kwana, gajiya, iyali, sauro, ƙafar da ka ce tana ciwo shekaranjiya. Daga nan ya tuɓe takalmi ya ɗauki sandarsa ta ƙarfe ya bi gaɓa yana caka ƙasa. Ya ce takalmi yana hana shi jin inda ƙasa ta yi taushi. In ka kawo masa matsala ba ya ba ka amsa sai ya ce, “Kai ya ka gani?” In ka ce duk yadda Shef ya ce, sai ya tsaya yana kallonka har kunya ta sa ka faɗi wani abu. Ya ƙi jinin a kira shi patoro, wato maigida. Fura kuwa ƙwarya ɗaya yake sha da mu, ludayi yana zagayawa.

Ni da shi akwai wasa, tunda Bagobiri da Bazabarme ba sa haɗuwa a rabu lafiya. In ya gan ni sai ya ce, “Bawana, wace mage ce ta yakushe maka fuska haka?” Ni kuma in ce, “Ubangijinka ne, Shef. Da ba mu zo garin nan ba, har yau ganye kuke ci kamar awaki.” Leburori su yi ta dariya. Amma a layin safe babu wasa, ko murmushi ba ya yi.

Daminar ta zo da wuya. Zafi ne mai ɗauri, irin wanda gumi ba ya bushewa, riga ta manne a baya tun hantsi. Hadari ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe duk abin da ba a danne ba, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. In ya ɗauke, laka har ƙwauri, burweti, wato baro, ba ya turuwa sai an ɗauki ƙasa a kwando. Tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, sabo bai nuna ba. A Babbar Kasuwa ƴan hatsi suna zaune a kan buhuna rabi-rabi, ko kallonka ba sa yi. Tabawa takan tashi da asuba ta dama kunu tsararo, ta ba ni mai kaurin ta ce ita ba ta jin yunwa, alhali ina jin cikinta yana kuka. Da rana fura mai ruwa. Da yamma tuwo ɗan malmala guda da miyar kuka, wani lokacin sai tafasa kawai. Hanyoyin kudu duk sun yanke, kamiyo, wato babbar motar kaya, yakan yi kwana goma a laka. Abin da ya sa siminti ya yi wuya ke nan. Buhun da ke rumfarmu shi ke nan, an ce ba wani sai bayan damina.

Wanda ya riƙa tsare mana rai shi ne Baba Sumana, wani tsoho mai lambu, wanda gonarsa take daidai ƙarƙashin ƙofar da nake ginawa. Kullum da azahar sai ya hauro da akushin kopto, wato zogale da aka kwaɗa da ƙuli, ya ajiye mana ya ce, “Fofo, masu aiki,” wato sannu da Zabarmanci. Ba ya karɓar komai. Shekarun baya ba ya shuka gefen gaɓa, don ruwa yana cinyewa. A bana da ya ga muna gini, sai ya shuka masara har gindin aikinmu.

Ranar wata Juma'a aka aiko mini cewa zazzaɓi ya kayar da Tabawa. Na rufe siminti da tamfol a gurguje na ruga gida. Ban ɗora duwatsu a kai ba. Kullum ina ɗorawa, ranar ce kaɗai na manta. Da la'asar iska ta zo, ruwa ya biyo ta.

Da asubar Asabar na riga kowa isa, sai Baba Idi da ke kwana a wurin. Tamfol yana can rataye a kan ƙaya. Buhu shida sun sha ruwa, sun yi gudaji. Baba Idi ya duba hagu ya duba dama ya ce, “Gado, rufa wa kanka asiri. Matarka tana da ciki. A daka shi a tankaɗe, siminti siminti ne.”

Na san ba haka ba ne. Maso ne ni, na san simintin da ya sha ruwa ya mutu, ko ka mayar da shi gari ba ya kamawa. Amma na ɗauki guduma. Muka daka, muka tankaɗe da rariya, na gauraya shi da ɗan mai kyau. Ranar na aza layukan ƙasa na bangon ƙofar da shi, da hannuna, ban bar sauran magina sun taɓa kwaɓin ba. Muka hau da mai kyau a sama, aka yi shafe, aka mayar da ƙasa. A ido, gini ne wanda za ka so ka nuna wa surukinka.

“Gado, me ya ɓaci?”

“Babu, Shef.”

Haka na yi ta faɗa. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. A bakin kogi Shef ya kafa wani turke mai zane-zane, kowace safiya yana duba inda ruwa ya kai. Ranar da na yi ginin, ruwan yana can nesa, sai ka yi tafiya a yashi kafin ka taɓa shi. A kwana na shida jan ruwa ya fara zuwa, yashin ya ɓace. A na bakwai, da azahar kowa yana hutawa, na zagaya na tone ƙasa kaɗan a gindin bangon na soka ƙusa. Ta shige kamar a cikin tuwo. Na mayar da ƙasar na tattake, na dawo na zauna a inuwa.

Na san abin da zai faru. In ruwa ya jingina da bangon nan, ƙasansa zai narke, ƙofar ta kife, kogi ya shiga lambunan Gamkalle gaba ɗaya. Na kuma san abin da zai faru in na yi magana. Kora, a tsakiyar damina, da mace mai ciki wata bakwai, a garin da ba ni da ko gatari. Sai na riƙa lallashin kaina: wataƙila ruwan bana ba zai kai ba, wataƙila ya tsaya.

A kwana na takwas Baba Sumana ya hauro da wani abu a naɗe a ganye. Masara ce gasasshiya, guda biyu, ta farko da ta nuna a gonarsa. Ya wuce kowa ya miƙo mini. Ya ce, “Maso, wannan taka ce. Bangonka ne ya sa na yi ƙarfin halin shuka wajen nan. Shekara ashirin ban ci komai a gefen nan ba.” Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Ga yunwa kamar ta kashe ni, ga ƙamshin masara sabuwa, amma na ciza sau ɗaya na kasa ƙarawa. Na cusa su a aljihu na kai wa Tabawa.

Da yamma tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare masarar, ta dube ni ta ce, “Maigida, kwana nawa ke nan kana rage tuwo? Hatsin nan da ƙyar muke samunsa, ba na dafa shi don kaji ba ne. Me ka yi?”

Na ce ba komai.

Ta ce, “Ni ma za ka ce mini babu?”

Sai na faɗa mata duka. Ta ɗora hannu a kan cikinta. Na ɗauka za ta ce in yi shiru, kuma wallahi haka na so ta ce. Sai ta ajiye masarar a faifai ta ce, “Ba zan ci ba. Tsohon nan yana ciyar da ku kana shirya masa ambaliya? In an kore ka mu koma Tsibiri, gidan ubana bai rushe ba. Amma ba zan haifi ɗa ana nuna ubansa a Gamkalle ba.”

Kai, na ji haushinta ranar! Na fita na zauna a waje ina huci, ina cewa mace ba ta san aiki ba. Amma na san ta fi ni gaskiya, abin da ya ƙara mini haushin ke nan.

Washegari, kwana na tara, an tashi da yayyafi. Muna layi. Ruwa ya rage taƙi huɗu ya taɓa gindin bangon. Shef ya taho yana tambaya, ina jin “babu, babu” tana matsowa. Da ya iso kaina sai tsoro ya sa na nemi mafaka a wasa. Na yi dariyar dole na ce, “Shef, in Bagobiri ya yi wa bawansa ɓarna, ai ba a kai shi ƙara ko?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Gado, wasa sai an jima. Me ya ɓaci?”

Baba Idi yana taka mini ƙafa. Na janye ƙafata. Na ce, “Siminti buhu shida ya sha ruwa, laifina ne, ban danne tamfol ba. Na daka shi na gina ƙasan ƙofa da shi. Bai kama ba. Ƙusa tana shiga.”

Shef ya sunkuyar da kai. Na tuna ya ce shirunsa ba fushi ba ne, amma ranar ban yarda ba. Can ya ce, “Kwana nawa?”

“Tara.”

Ya rufe ido. Ya buɗe ya ce, “Madalla da ka faɗa.” Sannan ya wuce ga na kusa da ni ya tambaye shi, har ya kai ƙarshen layi kamar kullum. Abin mamaki, ranar mutum uku suka yi magana bayana. Wani ya ce tayar burweti ta tsage tun makon jiya ya ɗaure da tsumma. Wani ya ce akwai ramin gafiya a gaɓa wajen yamma. Da ya gama ya dawo ya soma gaisuwa. Da ya zo kaina ya miƙo hannu ya ce, “Ina kwana, Gado. Ina gajiya. Ya jikin mai ɗakinka?” Hawaye suka zubo mini, ni da gemuna.

Sannan ya juya ga jama'a ya ce, “Ni ma ga nawa abin da ya ɓaci. Akwai buhu goma da na ajiye a sito a cikin gari tun farkon aiki, don irin wannan rana. Ban gaya muku ba, na ji tsoron a yi sakaci. Da kun san da su, da wataƙila Gado bai daka matacce ba. Wannan kuskurena ne.”

Buhu goma! Suna can a bushe duk kwanakin nan da nake hana kaina barci. Na ji kamar in tona rami in shige.

Ya ce, “Gado, kai ya ka gani?”

Na share fuska na ce sai an yi shingen buhunan ƙasa ta gefen kogi a tare ruwa, a fasa ƙasan bangon a sake, a ba shi kwana huɗu ya kama. Ya ce haka shi ma ya gani. Ya ce, “Ina za mu sami ƙasar cika buhu, kusa, yau?” Ya san amsar, ni ma na sani. Ko'ina laka ce da ruwa. Wurin da ke kusa mai ƙasar kirki guda ɗaya ne, gefen da gaɓarmu ta tsare, inda Baba Sumana ya shuka masara. Da a ranar farko na yi magana, ruwa yana nesa, ba a bukatar shinge ko ɗaya.

“Zo mu zaga,” in ji shi.

Muka gangara, shi ba takalmi, ni a bayansa. A hanya bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Simintin da ya jiƙa ba komai ba ne, iska ce. Kwana taran ne laifinka. Ba zan kore ka ba, don in na kore ka ba wanda zai sake gaya mini gaskiya a wurin nan. Amma ka sauka daga shugabancin magina har ƙarshen damina. Kuma tsohon nan, da bakinka za ka gaya masa. Ni zan tsaya kusa ne kawai.”

Da ya kore ni da ya fi mini sauƙi. Muka sami Baba Sumana a duƙe yana cire ciyawa. Na tsuguna na gaya masa, tun daga tamfol har ƙusa, har masararsa da za mu sare. Ya miƙe a hankali ya dubi masarar, ta yi kore shar, ta fitar da gemu, saura kwana kaɗan a fara karya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ni ya ce, “Jiya da na ba ka, ka sani?”

Na ce na sani.

Bai zage ni ba. Ya shiga bukkarsa ya fito da adda ya miƙo mini ya ce, “To kai za ka sare. Ni hannuna ba zai iya ba.”

Na sare. Kowane kara na ji shi a jikina. Kwana biyu muna cika buhu muna jerawa a cikin ruwa har ƙugu, ruwan sama yana dukanmu, Shef yana cikinmu da wandonsa a naɗe, ya bar takardunsa da inuwarsa. Mutanen Gamkalle suka fito maza da mata da kwanduna. Baba Idi, da ya ce in binne, shi ya fi kowa ɗaukar buhu, ko kallona ba ya iya yi. Muka fasa ƙasan bangon, yana zubowa kamar garin rogo. Na sake aza shi da sabon siminti, a ƙarƙashin wanda jiya nake ba shi umarni. Ruwa ya hau shingen har saura yatsa uku, ya tsaya a nan kwana biyu yana lasar buhunan sama, mu kuma muna ƙara jerawa. Da aka cire shingen kogi ya jingina da bangon, bangon ya riƙe.

Lambuna sun tsira, ban da gefen Baba Sumana. Akushin kopto bai daina zuwa ba, amma ya fi wata yana ajiyewa ba ya kallon inda nake. Da rani ya yi na riƙa zuwa kowace Lahadi ina mayar masa da ƙasa a wurin da muka ƙwaƙule, kwando-kwando, har ya cika. Ranar da na gama ya ce, “Fofo, maso.” Shi ke nan abin da ya ce, kuma ya ishe ni. Tabawa ta haihu da kaka, gero ya shigo. Wannan ɗiyar ce take hana ni zuwa bakin kogi yanzu.

Na yi shekara goma sha wani abu a ƙarƙashin Shef Hamani. Bayan daminar nan layin safe ya canja, har sai ya ce a taƙaita, don kowa ya zo da jerin abin da ya ɓaci. Yanzu ina ganin injiniyoyi suna zuwa shantiye, wato wurin aiki, a mota, gilashi a rufe, su tambaya ta waya a ce musu komai daidai. Ban ce ba su san aiki ba, sun fi mu karatu nesa. Ni dai ban ga wanda ya tuɓe takalmi ba.

Rabuwarmu ta ƙarshe, mun tsufa mu duka. Na ji ba shi da lafiya na tafi gidansa. Iyalinsa a tsakar gida suna ta ce mini da sauƙi, da sauƙi, Alhamdu lillahi. Na shiga na same shi a kwance, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na buɗe baki zan ce ya jiki, sai na ga yana kallona da idon nan nasa na layin safe. Na haɗiye gaisuwar. Na zauna a bakin gado na ce, “Shef, me ya ɓaci?”

Ya yi murmushi. Ya ce, “Kai kaɗai ka tambaya. Likita ya ce ba zan ga jan ruwan bana ba. Yaran nan sun sani, suna ɓoye mini, ni ma ina ɓoye musu na sani.” Ya numfasa, ya miƙo mini hannunsa. “To, bawana, an gama da wannan. Yanzu gaishe ni.”

Na riƙe hannun na soma tun daga farko. Ina kwana, Shef. Ina gajiya. Ina iyali. Ban tsallake ko ɗaya ba.